Ƙullutun da ke kan reshen wilo: wa ya gina shi, kuma zai kashe bishiyar?

Tambaya: Akwai itatuwan wilo a bakin wani rafi kusa da inda nake zaune a arewacin Amurka. Da hunturu ya shigo ganye ya zube, sai na lura da wasu ƙullutu masu launin toka a can ƙarshen rassan, ɓawo kan ɓawo. Na tsaga ɗaya, na tarar da wata 'yar tsutsa ruwan lemo a tsakiya. 'Ya'yan bishiyar ne tsutsa ta shiga, ko wata cuta ce? Zai kashe bishiyar? In yi feshin magani?

Malam, abin da ka tsaga ba ɗan bishiya ba ne, kuma tsutsar ba shiga ta yi ta tarar da shi ba. Ita ce ta sa aka gina shi. Wilo, bishiyar nan ta ƙasashen sanyi mai son bakin ruwa, ba ya yin 'ya'ya masu irin wannan siffa. Furensa wasu 'yan dogayen tuttu ne masu laushi da ke fitowa da farkon bazara, wato da zarar hunturu ya wuce, irinsa kuma ƙanana ne ƙwarai, kowanne da gashinsa fari da iska ke ɗauka ta watsa. Abin da ka gani sabon reshe ne da ya kamata ya miƙe ya yi tsawo da ganyensa jere, amma aka tsayar da shi a wuri ɗaya, ganyen suka taru suka zama bango. Bisa yadda ka siffanta shi da kuma inda kake, mai wannan aiki wani ɗan ƙuda ne da masana ke kira Rabdophaga strobiloides, wanda masanin ƙwari Osten Sacken ya fara bayyana shi a rubuce a 1862. Bishiyar ba za ta mutu ba, feshi kuma ba zai amfane ka da komai ba. Dalilin duka biyun ɗaya ne, kuma yana cikin yadda ƙullutun ke samuwa tun farko.

Ƙudan kansa ba abin da zai ja hankalinka ba ne ko da ya sauka a hannunka. Tsawonsa 'yan milimita ne, ƙafafu dogaye sirara, eriya mai gaɓa-gaɓa, fukafukai masu gashi da jijiyoyi kaɗan. Wanda bai sani ba zai ce sauro ne, amma ba ya cizo. Danginsa su ne Cecidomyiidae, waɗanda aka yi wa nau'i sama da 6,000 suna a duniya, kuma wannan adadin ɗan tsakure ne kawai. Wani binciken DNA da aka wallafa a 2016 kan ƙwarin Kanada ya kiyasta cewa ƙasar kaɗai tana da nau'i kusan 16,000 na wannan dangi. A cikinsu akwai mashahuran maɓarnata amfanin gona, irin su ƙudan da ke lalata alkama, Mayetiola destructor, da na shinkafa da na dawa. Akwai kuma masu amfani, kamar Aphidoletes aphidimyza wanda ake kiwonsa a sayar wa manoman gidan gilashi domin tsutsarsa na cinye ƙwarin da ke tsotsar ganye. Reshen dangin da ya shafe mu, wato Rabdophaga, yana da nau'i wajen ɗari, kuma kusan dukkansu a kan wilo suke rayuwa.

Baligin ƙudan ba ya daɗewa. Kwana ɗaya, biyu, in ya yi nisa 'yan kwanaki. Macen tana fitowa da ƙwayayenta a shirye, ta saki wani ƙamshi da ke jawo namiji, su sadu, ta shiga neman inda za ta ajiye ƙwai, shi ke nan rayuwarta ta ƙare. A nau'in da ka gani wannan yana faruwa ne wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da idanun wilo ke buɗewa suna toho. Takan ajiye ƙwai a jikin sabon ganye ko kusa da kan reshe. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, wata tsutsa da ido ba ya gani sosai ta fito, ta rarrafa ta kutsa tsakanin ganyayen da ba su gama buɗewa ba har ta kai can tsakiya, wurin da reshe ke ƙirƙiro sababbin ƙwayoyin jikinsa.

To a nan gizo ke saƙar. Duk abin da zai faru a sauran shekarar, a waɗannan 'yan kwanakin ake yanke shi. Tsokar shuka da ta riga ta girma ta ƙeƙashe ba ta juyuwa, ganyen da ya gama zama ganye ba mai mai da shi wani abu dabam. Wurin da ake iya juyawa shi ne wannan ɗan tsinin kan reshe, inda ƙwayoyin ke rarrabuwa ba su riga sun san me za su zama ba. In tsutsar ta iso a makare reshen ya wuce matakin, ta mutu da yunwa. In ta iso da wuri toho bai buɗe ba, haka nan. Shi ya sa za ka ga bishiya biyu gefe da gefe, ɗaya cike da ƙullutu ɗaya ba ko ɗaya, sau da yawa don tohonsu ya saɓa da kwana kaɗan. Shi ya sa kuma shekara ba ta kama da shekara: ruwan sama ko iska mai sanyi a makon da ƙudajen suka fito ya isa ya rage su ƙwarai.

Tsutsar da ta dace da lokaci ba ta cin reshen yadda tsutsar malam-buɗe-littafi ke gatsar ganye. Bakinta ƙanƙane ne, ɗan sosa ƙwayoyin da ke kewaye da ita take yi, ta zuba musu yawunta, ta tsotsi ruwan da ya fito. Daga nan reshen ya fara canza hali. Tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta daina miƙewa, amma kan reshen bai daina fitar da sababbin ganye ba. Sai ganyen su riƙa fitowa ɗaya kan ɗaya a wuri guda, gajeru, masu faɗi, ba kara, lulluɓe da gashi mai toka. Na waje su yi tauri, na ciki su yi tsawo su naɗe su zama ɗaki guda mai kamar bututu, tsutsar na zaune a gindinsa. Kafin ƙarshen lokacin zafi ƙullutun ya kai cikakken girmansa, wajen santimita biyu zuwa uku. A Amurka ana kamanta shi da 'ya'yan itacen pain (pine) saboda wannan jerin ɓawo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ba siffar waje ba ce, bangon cikin ɗakin ne. A nan bishiyar ke shimfiɗa wata tsoka ta musamman da babu irinta a reshe mai lafiya: ƙwayoyi cike da sukari da furotin, masu laushin bango, waɗanda ake sabunta su muddin tsutsar na ci. Wilo bishiya ce mai ɗaci, ɓawonta da ganyenta na ɗauke da sinadaran kariya, ciki har da salisin wanda masanin haɗa magunguna Johann Buchner ya ware a 1828, kuma daga wannan hanyar aka bi har aka kai ga asfirin. Masu bincike a Finlan da suka auna ƙullutun wasu ƙwari dabam a kan wilo sun tarar cewa sinadaran kariyar sun ragu ƙwarai a tsokar ciki inda tsutsa ke ci, wasu kuma sun taru a bangon waje inda maƙiyi zai fara taɓawa. Wato bishiyar ta janye makaminta daga bakin ɓarawon ta kai shi bakin ƙofa tana yi masa gadi.

Ta yaya tsutsar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ke yin wannan? Tun 1679 Marcello Malpighi, likitan nan ɗan Italiya, ya nuna cewa ƙwari ne ke haddasa irin waɗannan ƙullutu, ya kuma yi zaton wani ruwa ne uwar ke zubawa lokacin ajiye ƙwai. Zatonsa ya yi daidai a kan wasu ƙwari dangin zanzaro da ake kira Euura, su ma masu yin ƙullutu a wilo, domin a wurinsu ruwan uwar ne ke fara aikin. A wurin ƙudajenmu kuwa uwa ba ta da hannu, tsutsar ce ke farawa kuma ita ke ci gaba. In ta mutu tun ƙullutun na ƙarami, girmansa ya tsaya. An auna jikin tsutsotsin ƙwari masu yin ƙullutu da dama, an tarar da sinadaran da shuka ke sarrafa girmanta da su, oksin da saitokinin, da yawan da ya zarce na tsokar shukar kanta. Masu bincike a Japan sun nuna a 2012 cewa tsutsar wani ƙwaro mai ƙullutu a wilo tana haɗa oksin da kanta a cikin jikinta. A ƙudan alkama kuma an gano ɗaruruwan furotin a yawun tsutsa da ke shiga ƙwayoyin shuka su sauya aikinsu. Saboda haka ban yarda da masu kiran ƙullutu ciwon daji na bishiya ba. Ciwon daji girma ne da ya ɓalle daga tsari. Wannan kuwa tsari ne tsaf, yana da ciki da waje, yana da iyakar girma, kuma kowane nau'in ƙuda yana da irin ƙullutun da aka san shi da shi duk inda ka same shi. Ba rauni ba ne da ya warke a karkace, gini ne.

Akwai wani ƙarin bayani da wani mai bincike, Arthur Weis, ya fito da shi a 1984 kan wannan nau'in naka. A al'ada kan reshe ne ke danne idanun da ke ƙasa da shi, ya hana su toho, in ka yanke kan sai na gefe su ɓarke. Za a yi zaton reshen da kansa ya zama ƙullutu kamar wanda aka yanke ne. Weis ya tarar ba haka ba ne, ƙullutun na ci gaba da danne idanun gefen, ba ya barin wani reshe ya fito ya raba abinci da shi. Shi da abokiyar aikinsa sun kuma nuna cewa reshe mai ƙullutu ya fi ɗan'uwansa kauri, kuma ƙullutun na janyo abinci har daga wasu rassan. In ka koma bakin rafin ka gwada kaurin rassan da yatsa, za ka ga hakan da kanka.

Bishiyar ma ba zaune take ba. Hujja mafi kyau da na sani ta fito ne daga Suwidin, inda ake noman wilo nau'in Salix viminalis a gonaki, a sare shi duk bayan 'yan shekaru a ƙona don samar da zafi da lantarki. Akwai wani ɗan ƙuda, Dasineura marginemtorquens, da ke naɗe gefen ganyen wannan wilo ya zauna a ciki, kuma yana hayayyafa sau da dama a shekara guda. Stig Larsson da abokan aikinsa a jami'ar aikin gona da ke Uppsala sun tarar cewa a kan wasu irin na wannan bishiya tsutsotsin na mutuwa cikin awa 40 da ƙyanƙyashewa, ba su ƙara girma ba, gefen ganyen kuma bai naɗe ba. A wasu lokuta ana ganin 'yan ɗigo-ɗigo na matacciyar tsoka inda tsutsar ta taɓa, alamar bishiyar ta kashe ƙwayoyinta na wurin don kada a juya su. A wasu kuma ba a ganin komai, tsutsar ce dai ta mutu. Abin mamakin shi ne uwayen ba sa bambancewa, suna zuba ƙwai a kan irin da zai kashe 'ya'yansu kamar yadda suke zubawa a kan wanda zai raine su. Ƙudan da ke da kwana ɗaya a duniya ba shi da lokacin zaɓe.

Ƙullutun da ka gani ɗaya ne cikin siffofi masu yawa. A Turai ɗan'uwansa Rabdophaga rosaria ne, wanda nasa ganyen ba sa matsewa, suna bajewa ne gommai a kan reshe kamar ƙaramin kabeji, su bushe su yi ja-ja su kwana a bishiya har hunturu ya wuce. Rabdophaga salicis yana kumbura jikin reshen ne, a ciki ɗakuna da yawa kowanne da tsutsarsa. Rabdophaga saliciperda yana zama ƙarƙashin ɓawo a cikin itacen, in ƙudajen suka fita sai ka ga ɓawon ya cika da ƙananan huji kamar an harbe shi da bindigar toka. Iteomyia capreae kuma 'yan ƙuraje masu tauri yake yi a ganye, da ƙofa a ƙasa mai jan baki, inda tsutsar ke faɗowa ta shiga ƙasa. Wanda ya fara zama ya tantance na Amurka da kyau shi ne Benjamin Walsh, Bature ɗan Ingila da ya yi ƙaura zuwa Illinois ya zama masanin ƙwari na farko na gwamnatin jihar. A 1864 ya bayyana ƙullutun wilo iri-iri, ya lura cewa ƙudajen da ke fitowa daga cikinsu kusan ba a iya bambance su da ido, alhali gidajensu sun sha bamban. Wannan ya sa shi tunanin cewa ƙwaro na iya rabuwa ya zama nau'i biyu ta hanyar komawa wata shuka dabam, kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Charles Darwin kan irin waɗannan batutuwa har rasuwarsa a 1869. Matsalar da Walsh ya gani tana nan. Har yau ana gane yawancin nau'in ne ta siffar ƙullutu da irin wilon da aka same shi a kai, shi kuma wilo, mai nau'i ɗaruruwa, sananne ne wajen yin barbara tsakanin nau'i da nau'i. Don haka in ka ga littattafai biyu sun ba ƙullutu ɗaya suna biyu, ko an rubuta Rhabdophaga a tsofaffin takardu, kada abin ya dame ka.

Tsutsar da ka tarar hunturu take jira ya wuce. Ta gama cinta tun kaka, ta lulluɓe kanta da wani siririn mayafi, sai bazara za ta rikiɗa ta zama ƙuda. Ƙullutun ba ya ɗumama ta. Yana tsaye ne a kan reshe sama da dusar ƙanƙara, iska na dukansa, sanyin cikinsa daidai da na waje. Abin da ke tsare ta a jininta yake. Wasu masu bincike biyu, Miller da Werner, sun auna tsutsotsin ƙullutun wilo a tsakiyar Alaska, suka wallafa a 1987 cewa ruwan jikinsu ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, saboda tarin gilisarol, wani sinadari mai hana ruwa daskarewa, da suke yi kafin hunturu. Wannan na cikin mafi tsananin juriyar sanyi da aka auna a ƙwari.

Amma sanyi ba shi ne babban maƙiyinta ba. Gida mai ɓawo da yawa yana jawo baƙi. Tsakanin ɓawon nan wasu irin fara na zuba ƙwayayensu, wasu ƙudaje 'yan dangi ɗaya da mai gidan suna zama a gefe-gefe ba su gina komai ba, ga ƙananan buzuzu da tsutsotsin wasu ƙwari. An ƙirga nau'in ƙwari gommai da ke amfani da wannan ƙullutu guda. Waɗannan 'yan zaman arziki ne. Masu kisa su ne ƙananan zanzaro. Dangin Platygaster ba sa ma jira a gina bango, suna saka ƙwansu a cikin ƙwan ƙudan ko sabuwar tsutsarsa, su yi lamo a cikinta, su bar ta ta gina gida ta yi ƙiba, sannan su cinye ta daga ciki. Dangin Torymus kuwa suna da doguwar allurar ƙwai da suke soke bangon da ita daga waje. Da hunturu kuma ƙananan tsuntsaye na fasa ƙullutun su zaro tsutsar. Wani bincike a Alberta ta Kanada ya nuna cewa girman ƙullutu ne ke yanke wane maƙiyi zai iya kai wa gare ta. Masana sun daɗe suna muhawara kan amfanin ƙullutu ga mai shi: abinci ne, ko kariya daga bushewa, ko kariya daga maƙiya? Ni a ganina biyun farko sun fi tsayuwa da ƙafafunsu. Batun maƙiya yana da rauni, domin ƙwaron da ya kafe a wuri ɗaya wata goma a cikin gidan da ake hangowa daga nesa ya sauƙaƙa wa mai nemansa aiki. Inda batun maƙiya ke da ƙarfi shi ne wajen bayyana dalilin da ya sa bangon ke ƙara kauri da gashi da sarƙaƙiya.

Kana iya tabbatar da mai gidan da reza da gilashin ƙara girma. Tsutsar ƙudan ba ta da ƙafa, ba a ganin kanta sosai, launinta ruwan lemo ne ko ja-ja ko fari, ɗakinta kuma tsaf yake ba kashi, tunda ruwa kawai take sha. A ƙirjin babbar, ta ƙasa, akwai wani ɗan ƙashi mai duhu wanda ba a samunsa a wani dangin ƙwari sai wannan. In ka ga tsutsa mai kai sosai da ƙafafu, ɗakin kuma da baƙin gari, to Euura ce, ita ce ke yin jajayen ƙullutu masu santsi a ganye. In kuma ka tsaga ba ka ga kowa ba sai gashi, mai yiwuwa wasu ƙananan halittu ne dangin kaska da sai da madubin likita ake ganinsu. Farar tsutsa mai sheƙi kwance a inda ya kamata ruwan lemo ta kasance, zanzaro ne ya riga ka.

Batun ɓarna ya danganta da abin da kake so daga bishiyar. Wilon bakin rafi yana fitar da rassa ɗaruruwa a shekara, yana jure sara da ambaliya da cin dabbobi. Rasa kan wasu rassan ba ya girgiza shi. Inda abin ke zama asara shi ne inda ake son reshe miƙaƙƙe. A Somerset ta Ingila an daɗe ana noman Salix triandra don saƙar kwanduna, kuma masaƙi tsumagiya yake so doguwa, siririya, ba reshe ko ɗaya a jikinta. Akwai Rabdophaga heterobia wanda da bazara yake shiga furen namijin bishiyar ya kumbura shi, zuriyarsa ta lokacin zafi kuma ta koma kan reshe ta yi masa ɗan maɓalli. Tsawon tsumagiyar ya tsaya, ta yi rassa, darajarta ta faɗi. A gabashin Ingila kuma, inda ake shuka wani irin Salix alba don sassaƙa sandar wasan kurket, ƙudajen da ke lalata kan dashe ko huda itace abin damuwa ne ga mai gandu. H. F. Barnes na cibiyar binciken noma ta Rothamsted ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan tun wajen 1930, kuma a cikin kiwon da yake yi musu ya lura da wani abin ban mamaki: a wasu nau'in, mace ɗaya 'ya'yanta duk maza ne ko duk mata. Shawarar da irin wannan aiki ya kai ga bayarwa ita ce zaɓen irin wilon da ƙudan ba ya iya juyawa, kuma binciken Suwidin da na ambata ya ƙara mata ƙarfi.

Feshi kuwa ihu ne bayan hari. Ranar da ka ga ƙullutu, an yi watanni da gama aikin, tsutsar na bayan bango mai hawa-hawa da magani ba ya ratsawa, reshen kuma ba zai koma yadda yake ba ko ta mutu. Lokacin da magani zai iya samunta shi ne 'yan kwanakin nan tsakanin fitowar ƙuda da shigar tsutsa cikin toho, kuma dacewa da su sai mai sa ido kullum. Lokacin kuma ya zo daidai da furen wilo, wanda yana cikin abincin farko da ƙudan zuma ke samu bayan hunturu. Ga shi bishiyoyin a bakin ruwa suke, magungunan ƙwari da yawa kuma guba ne ga kifi da ƙananan halittun rafi. Waɗanda za ka fi kashewa su ne zanzaron da ke yawo a waje suna rage maka ƙudan.

In 'yar bishiya ce a lambunka kana son ta miƙe, yanke rassan masu ƙullutu da almakashi kafin ƙarshen Maris, ka ƙona su ko ka binne su da zurfi. In ka yar a gindin bishiyar ƙudajen za su fito abinsu. Wannan na aiki ga nau'in da ke kwana a kan reshe, irin naka da mai kumbura kara. Ba ya aiki ga masu naɗe ganye da masu ƙuraje, tunda su a ƙasa suke yin hunturu. Sare bishiyar ƙasa-ƙasa yana kwashe ƙullutun shekarar, sai dai ka sani sabon toho mai ƙarfi da ke biyo bayan sara shi ne abin da yawancin masu yin ƙullutu suka fi so, kamar yadda masanin ƙwari Peter Price ya nuna a aikinsa kan wilo a Arizona.

In kana son ganin ƙudan da idonka, tsinko ƙullutu goma ko fiye a ƙarshen hunturu, ka zuba a kwalba, ka rufe bakinta da siririn ƙyalle, ka ajiye a waje cikin inuwa inda sanyi ke kai wa. Kada ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi tun da wuri, tsutsar na buƙatar sanyin kafin ta rikiɗa, busasshiyar iskar ɗaki kuma na kashe ta. Ka riƙa dubawa daga tsakiyar Afrilu. Mai dogayen ƙafafu da jan ciki shi ne ƙudan. Masu sheƙin kore ko baƙi da ke tsalle a jikin gilashi zanzaro ne, kuma ba abin mamaki ba ne su fi ƙudajen yawa.